Awutdo na hit fam: a ƙasa ko a jikin bango?

Ɗan uwa da ka tambaya cewa ka sayi hit fam, wato na'urar nan mai kama da esi amma tana ɗumama gida lokacin sanyi ta kuma sanyaya shi lokacin zafi, mai haɗa maka ya ce ka zaɓa ko a ajiye awutdo ɗin, wato ɓangaren na'urar da ke zama a waje, a ƙasa kan kankare ko a maƙala shi a bango da braket, ƙarfen da ake ɗora shi a kai, kai kuma ka rasa wanne za ka ɗauka. To ni dai gaskiya ƙasa nake zaɓa sai in babu yadda za a yi, amma bari in ajiye maka su gefe da gefe ka gani da kanka.

Farko akwai abin da mutane da yawa ke mantawa, suna ɗaukan abun kamar esi ne kawai. Esi ruwansa daga indo yake fita, na cikin ɗaki. Shi hit fam in yana ɗumama gida aikin juyewa yake, awutdo ɗin ne ke yin sanyi ƙarara saboda yana zuƙo zafi daga iskar waje, to sai raɓa ta taru a jikin ƙarafunansa, in sanyin ya yi yawa ta daskare ta zama ƙanƙara. Injin da kansa zai juya gas ɗin da ke zagayawa a cikinsa na ɗan mintuna ya narkar da ita, har ka ga tururi na tashi ka ɗauka wani abu ne ya ƙone, alhali aikinsa ne. Duk wannan ruwan ta ƙasan injin yake zuba, kuma ba ɗan kaɗan ba ne. Kusan duk rigimar ƙasa da bango a kan inda ruwan nan zai je take, sai kuma jijjiga.

A ƙasa ruwan bai da wahalar sha'ani muddin an ɗaga injin. Kuskuren shi ne a dangwarar da shi kan kankare kai tsaye, ruwa ya zuba ya kwanta a ƙarƙashi, da dare ya daskare, gobe wani ya hau kan wancan, a haka ƙanƙara za ta yi ta girma har ta kai ga fankar, ka fara jin kas kas kas. Shi ya sa ake sa shi kan ƙafafu, a zuba tsakuwa a ƙasa ko kewaye yadda ruwa zai nutse, in kuma wurin ana dusar ƙanƙara to tsayin ƙafafun ya wuce inda dusar ke kaiwa. A bango kuwa injin ya riga ya yi sama, dusa ba ta binne shi, ambaliya ba ta kai masa, wannan kam bango ya ci. Sai dai ruwan yanzu daga sama yake ɗiga, in hanyar wucewa ce a ƙarƙashi ka haɗa wa mutanen gida santsi kenan, in kuma yana bin jikin bango sai ka ga wurin ya yi kore fenti na ɓarewa.

Jijjiga ita ce ta sa ni na tsaya kan ƙasa. Kwampreso, wato abin da ke matsa gas a cikin awutdo, yana rawa, ko na zamani da ba ka jin ƙararsa a waje yana rawa. In yana ƙasa kan roba ƙasar ce ke shanye rawar shikenan. In yana bango to bangon ne ke sha, ya kai maka har gado. Na taɓa kwana a gidan da bangon na katako ne kuma an ɗaure awutdo daidai bayan ɗakin kwana, a waje in ka tsaya kusa da shi iskar fanka kawai kake ji, amma a ciki da tsakar dare wani gurnani ne mara ƙarfi wuuuu da ba ka san ta ina yake fitowa ba, sai da na ɗora tafin hannu a bango na ji yana kaɗawa. Kuma lokacin sanyi ne kwampreso ya fi aiki da ƙarfi, daidai lokacin da kake son bacci. Bangon bulo ko kankare mai kauri da sauƙi sosai, in aka sa roba tsakanin ƙafar injin da braket yawanci ba a jin komai, amma ko shi ɗin ni ba zan sa a bayan ɗakin kwana ba.

Nauyi ma ka duba. Ƙaramin awutdo kilo 30 zuwa 40 ne, braket mai kyau zai ɗauka. Manyan nan masu ɗumama ruwan gida gaba ɗaya wasu sun haura kilo 100, wannan kam ajiye shi ƙasa kawai kar ma a ja zancen.

Sai wajen gyara. A ƙasa mai gyara zai durƙusa ya buɗe, ya wanke, ya auna gas, kai ma za ka iya kwashe ganye da hannunka. In an kai shi sama sai da tsani, kuma abin da sai an ɗauko tsani ai ka san ba a cika duba shi ba. Amma fa na ƙasa shi ma yana da nasa, ciyawa, ƙura, yara su cusa sanda a fanka, kare ya yi masa fitsari wanda ke cin alminiyon jikinsa a hankali. Kuma in ƙasar ba a danne ta da kyau ba kankaren zai zauna gefe guda bayan damina ɗaya biyu, injin ya karkace, ruwa ya daina fita ta ramin da aka yi masa, fayif ya riƙa jan mahaɗarsa har gas ya fara tsiyaya.

Wasu abubuwan kuma duk inda ka sa shi ba sa canzawa. Ya zauna daidai ba karkata. A bar masa fili ta baya, wasu kamfanonin santimita 15 suke cewa wasu 30, littafin injinka ne alƙali, gabansa kuma a buɗe kar ya hura iska ta daki katanga ta dawo masa. Kar a sa shi inda ruwan rufi ke zubowa. Fayif ɗin kar ya yi tsayi ba dalili, domin gas ɗin da ya zo da shi na wani tsayi ne ƙayyadadde, in an wuce sai an ƙara. Ka tsaya ka ga an gwada fayif ɗin da iskar naitirojin ko yana yoyo, an kuma zuƙe iskar ciki da injin bakum kafin a saki gas, masu gaggawa nan suke tsallakewa. In gas ɗin injinka R290 ne to ka ƙara kula, furofen ne, yana kama wuta kuma ya fi iska nauyi, shi ya sa ake hana sa shi kusa da taga, ƙofa ko bakin magudana.

To in kana da fili ko da ɗan kaɗan ne kuma ruwa ba ya kwanciya a wurin, sa shi ƙasa kan ƙafafu da roba da tsakuwa. In wurin matsattse ne ko ruwa na shigowa, kuma bangon bulo ne, ɗauki braket amma a nemi bangon kicin ko sito. Ka turo mana hoton wurin da lambar injin tukuna kafin mai aikin ya fara huda bango.