Kwikwiyon Kano ko na Yamai? Amsar tambayar Malam Lawali

Malam Lawali, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce kana son ƙaton kare na gadi a gidanka na unguwar Garin Malam a Damagaram, kuma tayi biyu ne a gabanka. Wani a Kano yana da kwikwiyon karen Kokas mai sati 5, ya ce ka turo kuɗi gobe ya ɗora shi a mota. Ɗayan a Yamai yake, kwikwiyon kare jinsin Burbul gare shi, kuɗinsa ya kusa ninka na Kano, ya ce sai kwikwiyon ya cika sati 8, ga tambayoyi da ya ishe ka da su har da neman bidiyon gidanka. Ka kuma ce in ka samu mace za ka riƙa kai ta barbara ka mai da kuɗinka.

Ni dai na Yamai zan ɗauka, kuma tambayoyin nan da suka ɓata maka rai su ne suka fi kwantar mini da hankali.

Fara duba kwanakin. Kwikwiyo mai sati 5 bai gama yaye ba, kuma allurar rigakafi ta farko sai tsakanin sati 6 zuwa 8 ake yinta, a ci gaba da maimaitawa har wajen sati 16. Ta haukan kare kuwa sai ya kai wata 3. Ka ga na Kano zai keto kilomita sama da 200 cikin kwali, a tsaya da shi tasha-tasha, babu allura ko ɗaya a jikinsa. Abin nan ya taɓa cina. Na sayi wani a irin wannan hali, kwana biyar da isowarsa ya fara amai da zawon jini, likitan dabbobi ya ce farbo ce, wata cuta mai kama hanjin karnuka. Ruwan da aka yi ta ƙara masa bai hana shi mutuwa ba, kuma aka hana ni kawo wani kwikwiyo gidan na tsawon watanni saboda ƙwayar cutar tana daɗewa a ƙasa. Yarana sun yi kuka ranar, har yau ban manta ba. Banda cuta, a makonnin nan uku da ake son tauye masa ne kwikwiyo yake koyon sassauta cizo wajen uwarsa da ƴan'uwansa. Karen da zai kai nauyin babban mutum bai kamata ya rasa wannan karatu ba.

Sai iyaye. Na Kano hoton kwikwiyon kawai ya turo maka, cinikin biri a sama ke nan. Na Yamai ka ce ya nuna maka uwar tana shayarwa, ya faɗi shekarunta. Ƙara matsa shi: haihuwarta ta nawa, yaushe ta yi ta baya, mene ne tsakaninta da uban, an taɓa ɗaukar hoton ƙashin ƙugunsu? Manyan karnuka suna fama da ciwon ƙugu, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a gurbinsa, kuma ana gadonsa. Ba ka ganinsa a kwikwiyo. Sai ya girma ya yi nauyi za ka ga yana tashi da ƙyar, yana haɗa ƙafafun baya yana tsalle kamar zomo. Shi ya sa mai kiwon kirki ba ya haɗa karya da namiji sai sun kai wajen shekara 2, lokacin da ƙashi ya gama ginuwa kuma hoto zai nuna gaskiya. In bai yi hoton ba, ya turo maka bidiyon uwa da uba suna tashi daga kwance suna gudu.

Jinsin ma akwai magana. Karen Kokas daga duwatsun ƙasashe irin su Jojiya ya fito, inda yake tsare tumaki daga kyarkeci cikin ƙanƙara, gashinsa ninki biyu ne, namiji ba ya kasa kilo 50. Kare kuwa ba ya zufa irin tamu, da haki yake fitar da zafi. Ka tuna Afrilu da Mayu a Damagaram, zafi ya haura digiri 40, a ɗauke wuta, famfo ya kwana biyu bai ɗiga ba. Cikin wannan gashi kuma kaska take ɓuya, ita ke kawo zazzaɓin da ke shanye musu jini. Burbul ɗan Afirka ta Kudu ne, karen gonaki, gashinsa gajere. Shi ma da girman jikinsa sai an yi masa rumfa mai iska da ruwa a gabansa kullum, amma ya fi kusa da iya zaman nan.

Yanzu tambayoyin. Mutumin ya tambaye ka tsawon katanga, yara nawa ne a gidan, wa zai riƙa ciyar da shi in ka yi tafiya, ko ɗaure shi za ka yi. Ka ce kamar mai ba da auren ɗiya. To ai haka ya kamata. Gidajenmu ba a rufe suke ba: almajiri ya yi sallama ya shigo, mai talla ta shigo, mai kawo ruwa ya turo kura har tsakar gida, yaran maƙwabta su biyo ƙwallo. Burbul da Kokas duka an ƙirƙire su ne su ƙi baƙo. In ba a saba musu da mutane tun suna ƙanana ba, aka bar su a sarƙa cikin rana, ranar da sarƙar ta tsinke ba za ka so ka ga abin da zai faru ba, kuma yaron wani ne zai biya. Sharaɗin da ya gindaya cewa in ka kasa riƙewa ka mayar masa, kada ka sayar, ka amsa da hannu biyu. Na Kano bai tambaye ka komai ba sai ta inda za ka turo kuɗi.

Abinci kuma ka yi lissafinsa tun yanzu. Ƙanzo da ragowar tuwo ba sa gina irin wannan jiki, amma ɗura wa kwikwiyo abinci da garin ƙashi don ya yi saurin girma shi ma yana lanƙwasa ƙafafu. Raba masa abinci sau biyu ko uku, kada ya yi guje-guje da cikakken ciki, don manyan karnuka cikinsu kan kumbura ya murɗe, ya kashe su cikin sa'o'i.

Batun mai da kuɗi da barbara, ɗan'uwa, ajiye shi tukuna. Cikin karya kwana 63 ne, kuma irin waɗannan suna iya zubo takwas ko goma. Sati takwas kana ciyar da su, kana ba su maganin tsutsa tun suna sati 2, kana biyan allura, in haihuwa ta zo da gardama ga kuɗin aiki. Zauna ka ƙirga gida goma tsakanin Birni, Zango da Sabon Gari da ke da katanga da inuwa da ƙarfin ciyar da kare mai kilo 60 har ƙarshen rayuwarsa. Ni na ƙirga ban cika biyar ba. Sauran hannun wa za su faɗa?

In haushi da faɗakarwa kawai kake nema, kada ka raina karen Azawak na Buzaye. Bai wuce kilo 25 ba, zafin nan nasa ne, kuma tsaron zango ya gada. In kuwa ranka ya kafe a kan ƙato, kira na Yamai ka tura masa bidiyon gidan, ka ce ya haɗo da katin allura mai hatimin likita. Kwanakin jiran nan sun ishe ka ka kafa rumfa ka ɗaga katangar bayan gida.