Gargaɗi kan damfarar hayar masauki da katin hawa a wuraren zamiyar ƙanƙara na tsaunukan Alps

Wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwa mazauna Turai, musamman ɗalibai da ma'aikatan da ke Birtaniya da Faransa da Jamus da Italiya, waɗanda ke shirin amfani da hutun Ista su je tsaunukan Alps domin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Daga ƙarshen Fabrairu har cikin Afrilu, tallan gidajen haya masu rahusa a kan duwatsu yakan cika Facebook da Instagram, daga nan kuma a riƙa tura shi zaurukan WhatsApp na ƙungiyoyin ɗalibai da na 'yan gari ɗaya. Wasu daga cikin waɗannan tallace-tallace na gaskiya ne, wasu kuwa tarko ne da aka ɗana wa mutumin da bai taɓa taka dutsen ba, bai san tsayinsa ba, bai kuma san ranar da ake rufe shi ba.

Abin da ya sa wannan damfara take ci a watannin Maris da Afrilu shi ne rangwamen da ake yi a lokacin ba ƙarya ba ne. Tsadar masauki takan kai ƙololuwa a makon sabuwar shekara da kuma hutun makarantu na Fabrairu, bayan haka farashi yakan sauka, domin masu gidaje sun gwammace su karɓi kaɗan da a bar musu ɗakuna babu kowa. Ɗan damfara ya san haka, saboda haka ba ya sa farashin da zai tsorata mutum. Yakan rage abin da zai ja hankali kawai, ya kuma haɗa da dalilin da hankali zai ɗauka: wai wani iyali ne suka soke zuwansu, makon ya zama babu kowa, kuma akwai mutum biyu da ke jiran amsa, don haka wanda ya fara biya shi ne da gida.

Gidan da ake nunawa a hoto galibi yana nan a zahiri. Ana kwashe hotunan ne daga shafin wani kamfanin haya na gaskiya ko na dillalan gidaje, a sauya sunan gidan, a buɗe masa sabon shafin intanet mai kyan tsari, da lambar waya da ake ɗauka, da takardar yarjejeniya mai hatimi, har da yabon wasu baƙi da ba su taɓa kwana a ciki ba. Wanda ya biya zai samu rasit da adireshi da alƙawarin cewa wani zai tarye shi da makulli ranar Asabar, wadda ita ce ranar da aka saba sauya baƙi a waɗannan wurare. Sai ya sauka a filin jirgin Geneva ko na Lyon, ya kwashe sa'o'i a mota yana hawan dutse da kaya da abokan tafiya, sannan ya tarar da wasu mutane a cikin gidan, ko mai gidan na gaskiya da bai taɓa jin sunansa ba, lambar wayar kuma ta daina shiga.

Binciken farko, wanda ba ya cin ko sisi, shi ne na dutsen kansa, kuma a nan ne rashin sanin wuri yake cutar da mutane. A ƙarshen lokacin sanyi, tsayin wuri shi ne kusan komai, domin zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau. Garin Val Thorens da ke yankin Savoie na Faransa yana kan tsayin mita 2,300, shi ne mafi tsayi a cikin garuruwan zamiya na Turai, kuma yakan kai farkon Mayu a buɗe. Tignes yana kan kusan mita 2,100, yana kuma da daskararriyar ƙanƙarar Grande Motte a samansa. A Zermatt ta ƙasar Suwizalan motar igiya tana kai mutum har mita 3,883 a kan Klein Matterhorn. Ƙananan wuraren da ke ƙasa da mita 1,500 kuwa, da yawansu sukan rufe a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, a shekarar da ƙanƙara ta yi ƙaranci ma tun kafin nan. Gangaren da ke fuskantar kudu yakan riga na arewa narkewa, kuma ko a inda ƙanƙarar take nan, da safe takan daskare ta yi tauri, da rana ta yi laushi ta jiƙe. Saboda haka duk mai tallan da ya yi rantsuwar cewa za a samu sabuwar ƙanƙara a tsakiyar Afrilu a wani ƙauye da ke ƙasan kwari, ko dai bai san sana'ar ba ko kuma ya san mai sayen bai sani ba.

Akwai ma wuraren da suka rufe har abada amma hotunansu na nan a intanet kamar jiya aka ɗauke su. La Sambuy, kusa da tafkin Annecy, misali ne: a 2023 hukumar garin ta yanke shawarar rufe na'urorin hawansa saboda ƙarancin ƙanƙara da asarar kuɗin da ake tafkawa. Baƙon da bai san yankin ba ba zai iya bambance hoton bana da na shekara goma da suka wuce ba. Kowane wurin zamiya na gaskiya yana da shafinsa na hukuma da ke nuna ranar buɗewa da ta rufewa, da adadin hanyoyin da ke aiki a ranar, da kyamarori da ke nuna dutsen kai tsaye, kuma kowane gari yana da ofishin yawon buɗe ido da ke amsa waya da wasiƙa. Tambaya ɗaya ga wannan ofishi, a kan ko sun san gidan da mai shi, takan warware abin da kwanaki na musayar saƙo da mai talla ba za su warware ba. Haka nan yana da kyau a saka hoton gidan a Google Lens, manhajar binciken hotuna, a ga ko zai fito da wani suna a wani gari, a kuma duba shekarun shafin, domin kamfanin da ke cewa ya daɗe yana aiki amma shafinsa bai cika wata biyu da rajista ba ya riga ya ba da amsa.

Mataki na biyu shi ne hanyar biyan kuɗi, kuma a nan ne fuskar ɗan damfara take bayyana ko da ya ɓoye ta a ko'ina. Zai fara da talla a wani sanannen dandali kamar Airbnb ko Booking.com, sannan ya nemi a koma WhatsApp ko imel, ya ce idan an biya shi kai tsaye zai cire la'adar da dandalin ke karɓa. Daga nan sai ya ce na'urar katinsa ta samu matsala, a tura ta banki. Lambar asusun banki ta ƙasa da ƙasa tana farawa da haruffa biyu na ƙasar da asusun yake, na Faransa FR, na Suwizalan CH, na Ostiriya AT, don haka idan gida yana Savoie amma asusun yana wata ƙasa dabam, sunan da ke kansa kuma ba na kamfanin ba ne, ya kamata a dakata. Al'adar hayar hutu a Faransa ita ce a ba da kafin alƙalami, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin, bisa rubutacciyar yarjejeniya mai bayanin gidan, a cika sauran idan lokaci ya matso. Mai neman a biya duka nan take ta Western Union ko kuɗin kirifto yana neman hanyar da kuɗi ba ya dawowa ne.

Ga mazauna Birtaniya bambancin da ke tsakanin biya da katin bashi da turawa ta banki yana da girma. Sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ɗora wa kamfanin katin bashi alhaki tare da mai sayarwa a kan cinikin da ya wuce fam 100 zuwa fam 30,000. Ƙa'idar da ta fara aiki a Oktoban 2024, wadda ta tilasta wa bankuna mayar wa waɗanda aka yaudara kuɗinsu har zuwa fam 85,000, ta shafi turawa ce tsakanin asusu biyu na cikin Birtaniya, ba ta haɗa da kuɗin da aka tura ƙetare ba. Idan tafiyar haɗe take da tikitin jirgi, kamfanin da ya sayar da ita a Birtaniya dole ne ya kasance yana da lasisin ATOL, wato tsarin da ke kare kuɗin matafiya idan kamfani ya durƙushe, kuma ana iya duba lambarsa a shafin hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar. A Faransa kamfanonin shirya tafiya suna rajista da Atout France, hukumar bunƙasa yawon buɗe ido ta ƙasar, lambarsu tana farawa da IM. Ganin tambari a ƙasan shafi bai isa ba, tunda kwafar tambari ba ta da wuya. A ɗauki lambar a duba ta a rajistar hukumar, a kuma tabbatar adireshin intanet da lambar wayar da ke can su ne waɗanda ake magana da su, domin sau da yawa sunan kamfanin gaskiya ake ara.

Katin hawa, wanda da shi ake shiga motocin igiya da kujerun da ke kai mutane saman dutse, wata kafa ce ta damfara. A yankin Les Trois Vallées, mai hanyoyin zamiya na kusan kilomita 600, katin kwana shida na babban mutum ya kai wajen yuro 400, don haka wanda ya ga an ce masa rabin kuɗi zai iya ruɗuwa. Amma katin kwanaki da yawa na mutum ɗaya ne, ba a ba da aronsa kuma ba a sayar da shi ga wani, a wurare da dama ƙofar shiga tana da kyamara da ke kwatanta fuskar mai wucewa. Katin da aka saya a hannun baƙo zai iya kasancewa wanda ya ƙare, ko wanda aka toshe bayan an ce ya ɓata, ko wanda aka saya da katin bankin sata. Idan aka kama mutum da shi, za a ƙwace, a ci shi tara, sannan ya sayi sabo da cikakken farashi.

Inshora da malamin koyarwa su ne ɓangaren da ya wuce asarar kuɗi ya taɓa lafiyar jiki. Ire-iren waɗannan tallace-tallace sukan ce an haɗa komai a ciki, har da inshora da mai koyarwa, ba tare da sunan kamfanin inshorar ko lambar takardar ba. A Faransa ceton wanda ya ji rauni a kan hanyar zamiya ba kyauta ba ne, shi ko inshorarsa ne ke biyan kuɗin sauko da shi, idan kuma aka kira jirgi mai saukar ungulu lissafin yakan shiga dubban yuro. Shi ya sa a Savoie ake sayar da inshorar Carré Neige tare da katin hawa a kan 'yan yuro kaɗan a rana. Inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa tana cire wasannin ƙanƙara sai an biya ƙari. Koyar da zamiya don kuɗi kuma sana'a ce da dokar Faransa ta tanadar wa takardar shaida ta gwamnati da katin aiki, makarantu irin su ESF, masu jajayen kaya, suna da ofis a kusan kowane gari. Sabon shiga da ya bi wanda ba shi da wannan takarda zuwa bayan hanyoyin da aka shata, a lokacin da zafin rana ke sa jiƙaƙƙiyar ƙanƙara zaftarowa, ya sa ransa a hannun wanda babu mai tambayarsa.

Masu riƙe da fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana suna da ƙarin dalilin taka-tsantsan. Izinin zama a Birtaniya ba ya ɗauke wa mutum neman bizar Schengen, wadda ake shiga Faransa da Suwizalan da Ostiriya da Italiya da ita, kuɗin bizar ya koma yuro 90 tun Yunin 2024 kuma ba a mayarwa, ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, duba takardu kuma yakan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45. Tayin da aka ce sai an biya yau domin tafiyar mako mai zuwa bai dace da wannan lissafi ba tun asali. Mafi muni, takardar masauki ta bogi da ɗan damfara ya bayar ita ce mutum zai miƙa wa ofishin jakadanci da hannunsa, idan suka bincika suka ga babu wannan masauki, shi ne za a hana biza a kan gabatar da takardar da ba ta inganta ba, kuma hanin zai zauna a tarihinsa. Hoton fasfon da aka tura wa mai tallan da sunan cike yarjejeniya shi ma ya tafi ke nan, ana iya amfani da shi wajen yaudarar wasu.

A ganina wanda ya fi kowa shiga tsaka mai wuya shi ne mai haɗa tafiyar. Gidan mutum takwas ko goma ba mutum ɗaya ke biya ba, karo-karo ake yi, a tara a asusun wanda aka amince da shi, shi kuma ya tura. Sauran ba su bincika ba domin sun yarda da shi, shi kuma bai tsananta bincike ba domin kada a ce ya ja ƙafa har gidan ya kuɓuce. Idan abin ya fashe, ɗan damfara ba a san fuskarsa ba, shi kuwa ana haɗuwa da shi a masallaci da aji. Duk wanda aka ɗora wa wannan nauyi ya kamata ya nuna wa kowa yarjejeniyar da sunan mai asusun kafin ya tura, ya kuma sa wani dabam ya kira ofishin yawon buɗe idon garin.

Ko wanda ya yi hayar ta hanyar da ta dace bai kuɓuta gaba ɗaya ba. Tun 2023 aka riƙa samun rahotannin kutse a asusun otal-otal da ke Booking.com, inda ake aiko wa baƙo saƙo daga cikin manhajar kanta, da sunansa da ranakun zuwansa daidai, ana cewa ya sake tabbatar da katinsa ta wani adireshi ko a soke masa ɗaki. Amsar irin wannan saƙo ita ce a kira otal ɗin ta lambar da aka samo daga wani wuri dabam.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya kira bankinsa a wannan sa'ar ya nemi a yi ƙoƙarin dawo da su, domin akan kwashe su daga asusun farko cikin gaggawa. Ya adana saƙonni da rasit da hoton shafin kafin a goge shi, ya kai ƙara wurin 'yan sanda, a Faransa ana iya shigar da ƙarar damfarar intanet ta dandalin THESEE, ya kuma sanar da dandalin da ya ga tallan da zauren da aka tura shi. Bayan 'yan kwanaki wataƙila wani ya tuntuɓe shi da sunan lauya ko jami'in banki, ya ce an gano kuɗin amma sai an biya wani abu kafin a sake su. Wannan kiran daga mutanen farko yake, ko daga waɗanda suka sayi sunansa a hannunsu, kuma kada a tura masa ko yuro ɗaya.