4K ko 1440p? Amsa ga ƙanenmu na Aboabo

Ƙanena, ka ce katin hoton da ke cikin kwamfutarka RTX 3060 ne, monitarka kuma inci 24 ce mai 1080p. Ka ga biyu a Adum kuɗinsu bai yi nisa da juna ba, ɗaya 4K ta hannu mai inci 28, ɗayar sabuwa fil, inci 27, 1440p mai 165Hz, wato tana sauya hoto sau 165 a daƙiƙa guda. Mai shago ya ce maka ka ɗauki 4K tun yanzu tunda can duniya ta dosa, har 8K ma tana tafe. Ni dai 1440p ɗin zan ce ka ɗauka.

Mu fara da ƙidaya. Hoton da kake gani ɗigo-ɗigo ne, kuma katinka ne ke zana kowane ɗigo, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Allonka na yanzu 1920 ne sau 1080, wato ɗigo 2,073,600. Na 1440p 2560 ne sau 1440, ɗigo 3,686,400. Na 4K kuwa 3840 sau 2160, ɗigo 8,294,400, ninki huɗu cif na abin da katinka ya saba ɗauka. Ita 8K da ake yi maka kwaɗayinta ta haura ɗigo miliyan 33, kada ma ka sa ta a lissafi. RTX 3060 kati ne mai kirki, amma don 1080p aka yi shi, yana kuma iya taɓuka abin arziki a 1440p. Ka ɗora masa 4K a gem mai nauyi irin Cyberpunk 2077, za ka ji fankarsa na kuka, hoto na tafiya da ƙyar kamar ana jan sa. Sai ka koma kana rage inuwa, kana rage haske, kana kashe wannan da wancan, har kyan da ka biya kuɗi dominsa ya gudu.

Abin da mai shago ba zai faɗa maka ba shi ne kuɗin 4K ba a jikin monita yake ba. Sayen doki ba shi ne wuya ba, harawarsa ce. Katunan da ke jan 4K da sauri ba tare da gumi ba su ne irin su RTX 4080, wanda ya fito a dala 1,199, da RTX 4090 da ya fito a 2022 kan dala 1,599, sai RTX 5090 na farkon 2025 a dala 1,999. Wannan farashin Amurka ke nan. Kafin kaya ya sauka Tema ko filin jirgin Accra, a biya kuɗin fito, ɗan kasuwa ya ɗora ribarsa, ka juya shi zuwa sidi, kai ma ka san inda maganar za ta tsaya.

Sannan ga wuta. Katinka wat 170 yake ci. RTX 4090 yana kai wa 450, kamfanin Nvidia da kansa ya ce a haɗa shi da na'urar ba da wuta mai wat 850, shi kuwa 5090 har 575 yake sha. Wanda ya yi awa huɗu yana wasa da kati mai wat 450 ya ƙone yunit 1.8 a kati kawai, kai kuma ko yunit ɗaya ba ka cika ba. Mai mitar kamfanin wuta na ECG, irin wadda ake sa wa kuɗi tun kafin a sha wuta, zai ga bambancin kafin wata ya mutu. Ƙaramin UPS ɗin nan mai 650VA, batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, da yawancinmu ke ajiyewa saboda dumsor, wato yawan ɗauke wuta, bai kai wat 400 ba a zahiri, ka ga shi ma sai an sauya shi. Duk wutar nan kuma zafi take komawa a cikin ɗaki. A ɗakin gidan haya mai taga ɗaya, cikin watan Maris, wannan ba ƙaramin abu ba ne, balle lokacin hunturu da ƙura ke toshe fanka.

To, me ido ke gani? A nan 4K ta yi gaba, ba gardama. Allo mai inci 27 na 1440p yana da ɗigo kusan 109 a kowane inci, naka na yanzu kusan 92, ita kuwa 4K mai inci 28 ta haura 150. Rubutu a kanta tas yake fita, ba ka ganin gefen harafi. Amma wannan a hoton da ke tsaye ne. Da zarar ka fara gudu a gem ɗin harbi irin Warzone kana juya bindiga, ido ba ya ƙirga ɗigo, santsin motsi yake bi. Allo mai 60Hz yana sauya hoto duk bayan milisakan 16.7, mai 165Hz kuwa duk bayan milisakan 6. Ranar farko da ka motsa linzami a kan 165Hz za ka ga kibiyar tana tafiya sumul, ba ta barin sawu a baya, kuma daga ranar 60Hz ta fita ranka ke nan. Waccan 4K ta hannu da ka gani, ina kyautata zaton 60Hz ce iyakarta. Ka ga kenan zaɓin naka tsakanin kaifin hoto ne da santsin motsi, kuma ga mai wasan harbi ko tsere santsi ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Maganar rigan kowa saye kuwa, an riga an gwada ta. A 2013 kamfanin Asus ya fito da PQ321Q, monita 4K mai inci 31.5, kan dala kusan 3,500. Don ta kai 60Hz sai kwamfuta ta ɗauke ta tamkar allo biyu da aka manne, kuma hakan ya sha ba mutane ciwon kai da direbobin kati, wato manhajar da ke sarrafa shi. Shekara ta zagayo Dell ya kawo P2815Q a dala 699, aka yi ta murna an samu araha, ashe 30Hz kawai take yi a 4K. A 2018 ne 4K mai 144Hz ta iso, Asus PG27UQ, dala kusan 2,000, alhali babu katin da ke iya cika mata wannan gudun a manyan wasanni na lokacin. A kowane zagaye allo ne ke riga kati zuwa, waɗanda suka yi gaggawa su biya kuɗi mai yawa su zauna jiran kati, kafin katin ya zo kuma an fito da allon da ya fi nasu a rabin kuɗi. Wasu irin waɗancan ne yau ke zuwa mana a kwantena da sunan kayan hannu. Har gobe, ƙidayar da Steam, kantin wasannin kwamfuta na intanet, ke yi ta nuna 1080p ce masu wasa a kwamfuta suka fi amfani da ita, masu 4K 'yan kaɗan ne.

Wani zai ce ai akwai DLSS, kuma da gaskiyarsa. Dabara ce da kati ke zana hoto ƙarami sannan ya faɗaɗa shi, katinka ma yana da ita, AMD kuma suna da tasu mai suna FSR. A allon 4K, in ka sa ta a matakin inganci, 1440p katin ke zanawa a ɓoye. In ka sa ta a matakin sauri, 1080p. Tana taimakawa sosai. Sai dai ba kowane gem ke da ita ba, kuma ni ban ga hikimar biyan kuɗin ɗigo miliyan takwas ba alhali kullum miliyan biyu ko uku da ɗoriya ake zana maka. Wannan dabarar dai, in ka kunna ta a 1440p, za ta ƙara matsar da kai wajen gudun da sabuwar monitar ke iya nunawa.

Akwai wanda zan ce masa ya ɗauki 4K. In kana haɗa bidiyon biki da suna, ko gyaran hoto ne sana'arka, wasa kuma na bayan Isha'i ne, faɗin fili da kaifin rubutu za su biya ka. Haka in ƙwallo kaɗai kake bugawa, EA Sports FC ko eFootball, ba su da nauyi sosai, 60Hz ma ta wadatar da yawancin mutane. Ko da haka inci 32 zan ba da shawara, don a inci 27 ko 28 sai ka ƙara girman rubutun Windows kafin ka iya karanta komai. Mai PS5 ma yana iya sha'awar 4K, ko da yake tun 2022 na'urar ta fara karɓar 1440p.

In duk da haka ranka na kan ta hannun, kada ka biya sai an kunna ta gabanka. Juya bayanta ka duba kafofin. HDMI 1.4 ba ta wuce 30Hz a 4K, HDMI 2.0 da DisplayPort 1.2 suna kai 60, sai HDMI 2.1 ko DisplayPort 1.4 ne ke kai 120. Shiga saitin allo na Windows ka ga lambar Hz da idonka, kada ka yarda da takardar da aka liƙa a jiki. Sa a buɗe farin shafi, sannan baƙi, ka matso da fuskarka ka nemi mataccen ɗigo ko haske mai tsiyaya ta kusurwa. Daga nan ka ɗan durƙusa ka kalle ta daga ƙasa. In launin ya dushe ko ya yi duhu, gilashin TN ne, irin wanda aka yi ta sa wa 4K masu inci 28 na wajajen 2014, kuma launinsa ba ya kama ƙafar na gilashin IPS. Sabuwar ma ka yi mata wannan gwajin, ka tabbatar an sa maka kebul ɗin DisplayPort a kwali, sannan ka sa mai shago ya rubuta watannin garanti a jikin rasit.