Jirgin yawon Stoke Bruerne: tafiyar gajeriya ce, amma ta cancanci kuɗinta

Duk ɗan uwan da ke zaune a Northampton ko Milton Keynes, ina ba shi shawara ya ware wuni guda ya leƙa Stoke Bruerne, a Ingila. Ƙaramin ƙauye ne, mutanensa ba su kai 500 ba, da tsohon cocinsa a kan tudu, ga mashigin ruwa na Grand Union ya ratsa tsakiyarsa. Abin da ya kai ni shi ne jirgin ruwan da ke ɗaukar baƙi zuwa ramin Blisworth, wato hanyar da mashigin ke bi ta ƙarƙashin ƙasa.

Jirgin siriri ne, irin waɗanda faɗinsu bai wuce ƙafa 7 ba. Daga gaban gidan tarihi ake tashi, a bi ruwa a hankali tsakanin bishiyoyi, sai ga bakin ramin. An buɗe shi a 1805, tsawonsa ya doshi kilomita 3 a ƙarƙashin tudu. Da shigarmu sanyi ya rufe mu, ruwa na ɗiga daga sama, sai ƙarar inji ke dawowa daga bango. A cikin wannan duhu matuƙin ya yi mana bayanin da har yanzu yake raina: ramin ba shi da hanyar doki, don haka a da sai a kwance dokin da ke jan jirgi a bi da shi ta kan tudu, maza kuma su kwanta a kan katako suna tura jirgin da ƙafafunsu a jikin bango, da lodin kwal a ciki, har su fita. Haka aka yi ta yi kafin zuwan jiragen ja masu tururi a 1871. Wallahi jikina ya yi sanyi. Na sha karanta wannan labari, amma sai da na ga kusancin bangon da idona na gane irin gumin da talakawan nan suka zubar.

Matuƙin ya san aikinsa, yana magana a natse, kuma ya yi haƙuri da tambayoyin yara.

Inda raina bai so ba: ba a ratsa ramin. Ana shiga kaɗan ne a dawo da baya, duka-duka wajen rabin awa. Ya kamata a riƙa faɗa wa mutane tun wurin biyan kuɗi, domin wata dattijuwa a kusa da ni ta zaci har Blisworth, ƙauyen da ke ɗaya bakin ramin, za mu kai.

Bayan saukowa kada a yi gaggawar tafiya. Ƙofofin ruwa 7 ne a jere ƙasa da ƙauyen, kuma kallon yadda ake ɗaga jirgi da saukar da shi kyauta ne. Gidan tarihin, wanda aka buɗe a 1963 cikin tsohon gidan niƙan hatsi, yana nan dab da ruwa. Wuraren cin abincin galibi mashaya ne, ni dai da guzurina na je. A zo da rigar ruwa ko da rana ta fito, kuma mai mota ya fi samun sauƙin zuwa.