Zaɓen Injin Yankan Ciyawa da Ya Dace da Farfajiyar Gida

Mafi yawan masu sayen injin yankan ciyawa suna fara tambaya ne game da ƙarfin injin, alhali tambayar da ta kamata ta riga kowace ita ce girman filin da za a yanke da kuma yanayinsa. Kafin mutum ya je wurin mai sayarwa, ya dace ya ɗauki awo ya auna tsawo da faɗin inda ciyawar take, ya lura ko ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ko akwai gangare, ya ƙirga bishiyoyi da kusurwoyin da zai riƙa kewayawa, sannan ya auna faɗin ƙofa mafi ƙunci da injin zai bi. Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi, kuma ba ƙaramin takaici ba ne a sayo injin da ya ƙi shiga ta lungun da ke kaiwa bayan gida.

Mafi sauƙi a cikin nau'o'in shi ne na turawa da hannu, wanda ba ya shan mai kuma ba ya buƙatar lantarki. Tsarinsa bai yi nisa ba da wanda Edwin Budding ya ƙirƙiro a Ingila a 1830: wuƙaƙe ne da aka naɗa kamar ganga, suna juyawa suna matse ganyen ciyawa a jikin wata wuƙa da ke tsaye a ƙasa, suna yanke shi kamar yadda almakashi yake yi. Shi ya sa yankansa ya fi na kowane tsabta. Amma yana da sharaɗi mai tsauri, domin idan ciyawa ta yi tsayi sai ya kwantar da ita ya wuce, kuma ɗan guntun icce yana iya tsayar da shi cak. Ya dace da ƙaramin fili mai laushi, da mai gidan da ba ya barin mako ya wuce bai yi yanka ba.

Sauran injinan da aka fi gani a gidaje wuƙa ɗaya suke da ita, tana juyawa a kwance da gudu sosai tana sare ciyawa, kuma bambancinsu yana wurin abin da ke juya wuƙar. Na waya, wanda ake haɗawa da soket, shi ne mafi arha a cikinsu, ba shi da nauyi, kuma ƙarfinsa ba ya raguwa komai daɗewar aiki. Wayar ita ce matsalarsa. Dole mai yanka ya fara daga kusa da soket ya riƙa yin nesa da shi, wayar tana rataye a kafaɗarsa tana bin bayansa, in ba haka ba wata rana wuƙa za ta cinye ta. A filin da babu bishiya a tsakiyarsa wannan ba wani abin damuwa ba ne, amma bishiya biyu ko uku sun isa su mayar da aikin zuwa kwance ƙulli. Wajibi ne kuma a haɗa shi ta na'urar kariya mai katse wuta nan take idan waya ta yanke, kuma kada a taɓa aiki da shi a jiƙaƙƙiyar ciyawa.

Na batir shi ne wanda nake ganin ya fi dacewa da yawancin gidaje a yau, saboda haka ya cancanci a tsaya a kansa. Ba shi da waya, ba shi da hayaƙi, ƙararsa kaɗan ce, kuma da danna maɓalli yake tashi. Inda masu saye suke ruɗewa shi ne wajen lambobin da aka rubuta a jikin batirin. Yawan bolt (V, ma'aunin ƙarfin wutar lantarki) kaɗai ba ya nuna tsawon lokacin da zai yi yana aiki; sai an ninka bolt da lambar Ah (ma'aunin yawan cajin batir) kafin a san yawan wutar da ya riƙe, wanda ake rubutawa da Wh. Batir mai bolt 36 da Ah 4 yana riƙe da Wh 144, mai bolt 18 da Ah 5 kuwa Wh 90 ne kawai, duk da cewa lambarsa ta biyu ta fi girma. Lokacin aikin da kamfani yake rubutawa a kwali an auna shi ne a gajeriyar ciyawa busasshiya, don haka ciyawa mai kauri ko mai danshi za ta cinye cajin da wuri. Batirin lithiyum yana raguwa da shekaru, zafi mai yawa yana ƙara saurin tsufansa, kuma sauya shi yana cin wani kaso mai tsoka na kuɗin injin gaba ɗaya. Saboda haka ya kamata a tambayi kuɗin sabon batir tun kafin a biya na injin, a kuma duba ko batirin yana shiga wasu kayan aikin kamfanin, domin wanda yake da biyu zai iya saka ɗaya a caji yana aiki da ɗayan.

Injin fetur har yanzu shi ne gwani a babban fili da ciyawa mai tauri ko wadda aka bari ta yi tsayi, kuma muddin akwai mai a galan aiki ba zai tsaya ba. Sai dai wanda ya saye shi ya ɗauki nauyin kula da inji ne: sauya baƙin mai aƙalla sau ɗaya a shekara, wanke ko sauya matatar iska, da duba fulogi. Abin da ya fi kashe irin wannan injin shi ne fetur da aka bari a tanki wata da watanni, wanda yake lalacewa ya toshe kafireta, sai a wayi gari ana ta jan igiya har kafaɗa ta gaji injin bai tashi ba. Ƙararsa tana wuce desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, matakin da daga shi ake ba da shawarar toshe kunne, kuma ba a kunna shi a rufaffen wuri saboda hayaƙinsa yana kisa. Wanda ya san ba zai kula da waɗannan ba, gara ya haƙura da shi. Tun da yana da nauyi, idan filin yana da hawa ya fi kyau a nemi wanda tayoyinsa ke tafiya da kansu, mai aiki yana jagora kawai.

Na hawa, wanda ake zama a kai kamar ƙaramar tarakta, ba ya biyan kuɗinsa sai fili ya kai kusan murabba'in mita 2,000, kuma yana iya kifewa a gangaren da ya wuce digiri 15. Akwai kuma mai sarrafa kansa, wanda kamfanin Husqvarna ya fara fitar da nasa kasuwa a 1995. Yana fita kullum ya ɗan tsinke kan ciyawa ya koma ya yi caji, amma yana da tsada, yana barin gefuna, kuma bai kamata a bar shi yana yawo inda yara ƙanana suke wasa ba.

Bayan an tsayar da nau'i, sai faɗin yanka. A filin murabba'in mita 400, injin da faɗinsa ya kai santimita 33 zai sa mutum tafiyar sama da mita 1,200, mai santimita 46 kuwa kusan mita 870, amma mai faɗin ya fi nauyi kuma ya fi wuyar juyawa a kusurwa. A duba kuma yadda ake ɗaga tsayin yanka, domin ƙa'ida ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ciyawa a yanka ɗaya, kuma injin da ake ɗagawa da sanda ɗaya ya fi wanda sai an bi kowace taya an kwance. Wasu injinan suna tara abin da aka yanke a jaka, wasu suna niƙa shi su mayar ƙasa ya zama taki, wanda yake da amfani idan ana yanka a kai a kai, amma yana barin dunƙule idan ciyawar ta yi yawa.

A wurin saye, a kama hannun injin a tura shi, a ɗaga shi a ji nauyinsa, a cire jakar a mayar, sannan a tambaya ko ana samun wuƙarsa da tayoyinsa idan sun lalace. Wuƙar yawancin injinan tana buƙatar washi aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma alamar ta dakushe ita ce bakin ganyen ciyawa ya yage ya koma ruwan ƙasa kwana biyu bayan yanka. Kafin hannu ya kusanci wuƙar, a zare waya daga soket, ko a cire batir, ko a cire hular fulogi.