Alƙalamin tawada da ya cije: jiƙawa a ruwa ko filayar buɗewa?

Wa alaikumus salam, Malam. Tsakanin hanyoyi biyun da ka ambata domin buɗe alƙalamin tawadarka da gangarsa (dogon jikinsa na baya) ta cije, wato jiƙa shi a ruwa ko sayen filaya mai bakin roba da ake tallatawa a intanet, ka zaɓi ruwa, ka ajiye kuɗinka.

A mafi yawan lokuta busasshiyar tawada ce ke riƙe gangar, domin takan sulale ta shiga tsakanin haƙoran da ake murɗawa ta daskare a can, musamman idan an ajiye alƙalamin da tawada a cikinsa har iskar hunturu ta bi ta kansa. Tunda da ruwa ake haɗa tawadar irin waɗannan alƙaluma, ruwan ne kuma yake narkar da ita. Ina da Parker 51 da na gada daga kawuna, Allah ya jiƙansa, wanda ya daɗe yana aikin koyarwa da shi, irin samfurin da aka fara fitarwa a 1948 mai jakar tawada da ake matsawa. A cije ya zo hannuna, ko motsi ba ya yi. Na tsayar da shi a kofi bakinsa yana ƙasa, na zuba ruwa mai ɗan ɗumi har ya rufe mahaɗar, na ɗiga sabulun wanke kwanuka kaɗan, ruwan yana rinewa da shuɗi ina canza shi. Da ya kwana, sai na naɗe gangar da yankin robar cikin tayar keke, na riƙe gaban da wani yankin, na murɗa zuwa hagu a hankali, sai kuwa ya saki ba tsagewa ba ƙarzuwa, kuma har yau da shi nake sa hannu a takardu.

Filayar kuwa na taɓa saye, tana nan a aljihun tebur. Tana da amfani a hannun ƙwararren mai gyara, amma tana ninka ƙarfin hannu ta kuma hana yatsu jin lokacin da jikin alƙalamin ya kusa fashewa, ga shi tsohuwar ganga in ta tsage a wurin haƙora da wuya ta gyaru.

Kafin ka jiƙa komai, ka tabbatar cewa alƙalamin naka ana murɗa shi ne a wurin da kake murɗawa, domin alƙaluma da yawa sun lalace ne a hannun masu ƙoƙarin buɗe abin da ba a yi shi don buɗewa ba. Parker 51 na farko, wanda ya fito a 1941, ba a kwance gangarsa domin cika tawada, ɗan murfin da ke gindinsa kawai ake cirewa. Tsofaffin alƙaluman Esterbrook masu ɗan ƙarfen cikawa a gefe cusa wuyansu aka yi a ganga, babu haƙora, sai dai a ja a hankali. Pelikan mai zuƙar tawada ta gindi kuwa bakinsa ne kaɗai ake kwancewa.

Haka kuma ba kowane jiki ne yake jure ruwa ba. Baƙar roba mai tauri ta ebonit, wadda aka yi alƙaluma da yawa da ita a farkon ƙarni na 20, ruwa yana mayar da ita ruwan ƙasa-ƙasa, kuma za ka gane ta da warin taya idan ka goge ta da yatsa har ta yi ɗumi. Wasu tsofaffin Conway Stewart na Ingila da aka yi da kasin, wanda daga madara ake samo shi, kumbura suke yi a ruwa. Irin waɗannan, da kuma waɗanda aka liƙe da danƙon shalak, iska mai zafi suke buƙata daga na'urar busar da gashi. Shalak yana laushi a kusan digiri 60 na Salshiyas, seluloyid kuwa, wata irin roba da aka yi jikin tsofaffin alƙaluma da ita, da zafi ya ɗan haura haka sai ya fara lanƙwashewa, kuma yana kama wuta da sauri. Saboda haka ka sa yatsanka a cikin iskar tare da alƙalamin kana juya shi, duk zafin da yatsa ya kasa jurewa ya yi wa alƙalami yawa. Kada ka kusantar da shi ga tafasasshen ruwa ko kyandir, kada kuma ka zuba masa fetur, kananzir ko abin goge jan farce.

Ba ka tambayi wannan ba, amma idan sayen alƙalamin ka yi a matsayin tsohon kaya, ka haska mahaɗar da tocila ka duba sosai. Akwai marasa amana da ke liƙe tsagaggiyar ganga da gam mai ƙarfi, sannan su ce wa mai saye tawada ce kawai ta bushe, in an jiƙa zai buɗe. Idan ka ga farin dabbare ko wani siririn layi mai ƙyalli a wurin, ka mayar musu da kayansu kafin ka taɓa shi, domin da zarar ka murɗa ya ɓare a hannunka za su ce kai ka fasa. Jabun alƙaluman Hero 616 da Parker Sonnet ma sun yi yawa a kasuwa.

Idan ya buɗe, ka wanke haƙoran da tsohon buroshin goge baki, ka bar su su bushe, sannan ka shafa musu man silikon zalla ɗan kaɗan. Ka guji basilin, domin yana cin jakar roba, kuma idan za ka rufe, ka tsaya da zarar ka ji gangar ta zauna.