Koyon gyaran tirela da katafila: gareji, kwaleji ko poli?

Kafin ka kai ɗanka ko ƙaninka koyon gyaran manyan injinan gas, fara duba irin injinan da ke wurin, domin su ne za su koya masa aikin.

Garejin oga ya fi sauƙin kuɗi, kuma nan ne hannu ya fi faɗawa. Yaro zai fara da wanke sifana da miƙa kayan aiki, a hankali ya kai ga sauke giya da buɗe kan inji. Wanda ya zauna shekaru a gefen tsofaffin manyan motoci ƙirar DAF da Mack, da jin ƙarar inji da ganin launin hayaƙi yakan gane ko matsalar nozul ce, mai fesa mai cikin inji, ko ta ringin fistin. Matsalar ita ce ba ranar yaye, sai oga ya ga dama, kuma wani ogan aike ya fi koyarwa yawa. Sannan sababbin injina kwamfuta ke sarrafa injektocinsu, wato na'urorin fesa mai. Garejin da ba shi da na'urar duba matsala, canki-canka ake yi da kuɗin mai mota.

Kwalejin fasaha ta gwamnati shekara 3 ce bayan ƙaramar sakandare, a ƙarshe a rubuta jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa. Akwai lissafi da karanta zanen wayoyin lantarki. Amma ka je da ƙafarka ka leƙa ɗakin aikinsu: wasu inji ɗaya ne tal, shi ma ya daɗe bai tashi ba.

Poli, irin ta Kaduna ko ta Kano, sai da JAMB, diploma shekara 2. Takardarta na buɗe ƙofar kamfanonin gina hanya da dillalai irin su Mantrac mai sayar da Caterpillar, sai dai karatu ya rinjayi aikin hannu.

A ganina, mai ƙaramin ƙarfi ya zaɓi gareji mai taɓa katafila da gireda, saboda aikin haidirolik, wato famfo da bawul da silinda masu ɗaga kaya da ƙarfin mai, masu iya shi ba su kai masu gyaran inji yawa ba. Daga baya ya nemi takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, daga mataki na 3 zuwa na 1. Kafin a shiga, a tambayi ogan yara nawa ya yaye, kuma ina suke aiki yanzu.